Temple Fay, Likitan da Ya Shigar da Ƙanƙara Ɗakin Jinya

An haifi Temple Fay a birnin Siyatil na ƙasar Amurka a 1895. Ya karanci likitanci a Jami'ar Pensilbaniya, ya kammala a 1921, sannan ya koyi tiyatar ƙwaƙwalwa a hannun Charles Frazier. A 1929 aka ɗora shi bisa shugabancin wannan sashe a Jami'ar Temple da ke Filadelfiya (dacewar sunansa da na jami'ar katari ne kawai), kuma yana cikin mutum huɗun da suka assasa ƙungiyar Harvey Cushing ta likitocin ƙwaƙwalwa a 1931.

A zamaninsa likitoci sun yi ittifaƙi cewa ɗan Adam ba zai daɗe a raye ba idan zafin jikinsa ya sauka ƙasa da digiri 35 a ma'aunin Selshiyos. Hatta ma'aunin zafi na asibiti ba a zana masa lambobi da nisa ƙasa da nan ba, don ba a ga amfanin auna abin da ake ɗauka ajali ne. Fay kuwa ya lura cewa ciwon daji ya fi yaɗuwa zuwa sassan jiki masu ɗumi, ya kan ƙaurace wa tafin hannu da ƙafa. Daga nan ya yi hasashen cewa sanyi zai iya dakushe shi. A ƙarshen Nuwamba 1938 ya rufe wata mata mai fama da sankarar mama da farfasasshiyar ƙanƙara, ya kashe na'urar ɗumama ɗaki, ya buɗe tagogi ga iskar hunturu, har zafin jikinta ya sauka zuwa kimanin digiri 32. Aka ɗumama ta, ta farka da hankalinta. Sankarar dai ba ta warke ba, amma zogi ya kan lafa wa majinyata, kuma katangar nan ta digiri 35 ta rushe.

Babban abokin hamayyarsa a wannan aiki shi ne jikin majinyacin kansa. Akwai wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa da ke gadin zafin jiki; da zarar ya ji sanyi sai ya tsuke jijiyoyin jinin fata, ya umarci tsoka ta kama makyarkyata domin ta haifar da ɗumi. Nan gizo yake saƙar, domin abin da ake nema da sanyayawa shi ne ƙwaƙwalwa ta rage cin iskar oksijin, wanda ke sauka da kimanin kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari a kowane digiri guda, alhali rawar ɗari tana ninka buƙatar jiki ga wannan iska, ta hanzarta bugun zuciya, ta ɗaga hawan jini da matsin da ke cikin ƙoƙon kai. Fay ya riƙa danne ta da magungunan sa barci. Ma'aikatan jinya kuwa, waɗanda ke yini cikin ɗaki mai daskarewa suna kwasar ruwan ƙanƙara, sun ƙi jinin aikin ƙwarai. Wannan ƙorafi na cikin abin da ya sa ya ƙera bargo mai bututun roba da ruwan sanyi ke zagayawa ciki, kakan waɗanda ake shimfiɗawa a ɗakunan tiyata a yau. Ya kuma gwada dasa ƙaramin ƙoƙon ƙarfe mai sanyi a cikin ƙwaƙwalwa bayan tiyata, ya sanyaya masu munanan raunuka a ka.

Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa aikin mummunan tabo. Wani rubutunsa da aka aika Beljiyam don bugawa ya faɗa hannun Jamusawa, kuma a 1942 likitocin Nazi suka riƙa tsoma fursunoni cikin ruwan ƙanƙara a sansanin Dachau, da yawa suka mutu. Fay ba shi da hannu a wannan ta'asa, amma ta sa likitoci ƙyamar fannin na tsawon shekaru. Ya bar kujerarsa a 1943, ya karkata ga yara masu shanyewar jiki ta dalilin raunin ƙwaƙwalwa. Dabarun motsa gaɓoɓi da almajiransa suka gina bisa ra'ayinsa ba su sami amincewar masana ba, kuma da hujja.

A Toronto aka farfaɗo da batun. A 1950 Wilfred Bigelow ya nuna a jikin karnuka cewa muddin aka hana makyarkyata, cin oksijin yana sauka tare da zafin jiki, wato sanyin ba shi ne ke gajiyar da jiki ba, kokawa da shi ce. Ba a jima ba Botterell da Lougheed suka fara sanyaya majinyata yayin ɗaure kumburarriyar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. Matsalar sai ta koma ɗakin farfaɗowa: maganin barci na gushewa mai gadin nan ya farka ya tarar da jiki a sanyaye, majinyaci ya hau karkarwa a daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa ta fi bukatar natsuwa. Ana tarar wannan da ɗumamawa a hankali da kuma allurar fetidin. Wani babban gwaji da aka buga a 2005, kan majinyata 1,001 da aka yi wa irin wannan tiyata, bai sami fifiko ga waɗanda aka sanyaya zuwa digiri 33 ba, ko da yake sanyayawa ta kafu wajen jinyar jarirai da suka rasa isasshiyar iska a wurin haihuwa.

Fay ya wallafa tarihin gwaje-gwajensa a 1959, ya rasu a 1963.