Wilma Rudolph, Gurguwar da Ta Tsere wa Masu Ƙafa

An haifi Wilma Rudolph ran 23 ga Yuni, 1940, kusa da garin Clarksville, cikin jihar Tennessee ta Amurka. Iyayenta baƙar fata ne, talakawa. Cikin 'ya'ya 22 na ubanta, ita ce ta 20.

Tana da kamar shekara 5 ciwon shan inna ya kama ta, ƙafarta ta hagu ta shanye. Aka sanya mata takalmin ƙarfe. A zamanin nan ba kowane asibiti ke duba baƙar fata ba. Saboda haka kowane mako uwarta takan ɗauke ta a mota zuwa Nashville, tafiyar mil 50, wurin likita. A gida kuwa 'yan'uwanta suka riƙa yi wa ƙafar tausa kullum, ba gajiya. Da ta kai shekara 12 ta yar da takalmin, ta taka da ƙafarta.

Daga nan ta shiga ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantarsu. Can ne wani malamin wasanni, Ed Temple, ya ga zafin namanta, ya koya mata tsere. A 1956 ta tafi wasannin Olamfik a Ostareliya, ita da abokan gudunta uku suka sami lambar tagulla.

A 1960 aka yi wasannin a birnin Rum. Ana gobe tsere, sai ta jefa ƙafa cikin rami, ta yi targaɗe a idon sawu. Aka ɗaure wurin, ta daure ta shiga fili. Ta ci gudun mita 100, da na mita 200, da gudun miƙa sanda, lambar zinariya uku ke nan.

Bayan ta bar tsere ta zama malamar makaranta. A 1963 ta ziyarci Senegal da Ghana da Mali. Ta rasu ran 12 ga Nuwamba, 1994.

To, yara, in ɗayanku ya ji ciwo wajen langa ko ƙwallo, kada ya ɓoye. Ya gaya wa manya, a yi magani, ya huta har ya warke. Ku kuma kada ku yi masa dariya, ku taimake shi kamar yadda 'yan'uwan Wilma suka yi. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.