Tarihin Nikola Tesla, Mai Umurtar Inji Daga Nesa

Malamai da 'yan kasuwa na Zakka da Safana da Batsari, ga tarihin wani Bature wanda duk mai kunna fitilar lantarki ke cin moriyar aikinsa, alhali kuwa kaɗan ne suka san sunansa.

An haifi Nikola Tesla a 1856 a ƙauyen Smiljan, cikin ƙasar da ake kira Kuroshiya yanzu. Ubansa limamin coci ne. Ya yi karatun injiniya a birnin Graz, amma bai kammala ba. A 1881 ya sami aiki a gidan tarho na Budapest, watau tun yana saurayi ya san yadda magana ke bin waya. A 1884 ya haye teku zuwa Niyok ta Amurka, ya yi wa Edison aiki wajen wata 6, suka rabu. Talauci ya kama shi har ya yi haƙar rami a kan dala 2 a yini.

A zamanin nan wutar Edison mai gudu fuska ɗaya ce, da ta yi kamar mil guda sai ta raunana. Akwai wata iri mai kai da komo cikin waya, wadda ake iya ɗaga ƙarfinta a tura ta nesa, sai dai babu injin kirki da za ta juya. Tesla ya ƙera shi, aka ba shi takardar mallaka a 1888, attajiri Westinghouse ya sayi izninsa. A 1896 aka jawo wuta daga gangaren ruwan Niyagara zuwa birnin Buffalo, tafiyar fiye da mil 20. Irin wannan wuta ce ke tasowa daga madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, har ta iso ƙasar Katsina.

A 1898 ya zo da abin mamaki na biyu. Ya sa wani ɗan jirgi cikin ruwa a gaban jama'a a Niyok, yana gefe yana juya shi dama da hauni, ba waya ba igiya, sai saƙo mai bin iska. Wasu suka ɗauka sihiri ne.

To, ina haɗin wannan da lantarki? Waya ba rumbu ba ce: abin da inji ya haifar, nan take ake shanye shi. A Nijeriya wuta na kai da komo sau 50 cikin daƙiƙa. In masu ja suka fi ƙarfin injuna, sai adadin nan ya sauka, in kuwa ba a rage nauyi da hanzari ba, injuna su tsaya, ƙasa ta yi duhu. Saboda haka tilas tashoshi su riƙa jin labarin juna, kamar yadda falke ke neman labarin kasuwa kafin ya ɗaura kaya. Cibiyar da ke lura da wannan tana Oshogbo. Saƙon kan bi ta wayar lantarkin kanta, ko ta zaren gilashi mai ɗaukar haske, ko ta rediyo. Har akwai mita mai layin salula, wadda ke sanar da kamfani abin da gida ya sha, a kuma yanke ko a mayar daga ofis. Ɗan jirgin nan yana cikin mafarin wannan hikima.

Amma shi kansa ribarsa ba ta ɗore ba. A 1891 ya yafe wa Westinghouse kason da ake biyansa. A 1901 attajiri Morgan ya ba shi dala 150,000 don ya gina hasumiyar aika saƙo ƙetaren teku. Ana cikin gini, Marconi ya riga shi a watan Disamba na shekarar. Morgan ya ƙi ƙari, aka rushe hasumiyar a 1917 saboda bashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ya mutu ran 7 ga Janairu 1943 a ɗakin otal a Niyok, yana da shekara 86, ba mata ba ɗa. A 1960 masana suka sa wa ma'aunin ƙarfin maganaɗisu sunansa.

Abin lura a nan, jama'a, mai ilmi yana bukatar mai lissafi kusa da shi, mai dukiya kuwa yana bukatar haƙuri da mai ilmi. Iyakar labarin ke nan.