Tarihin Dorugu, yaron Damagaram da aka sayar a kasuwa

A wannan mako za mu leƙa ƙasar Damagaram ne, domin mu kawo wa mai karatu labarin wani bawan Allah da ake kira Dorugu, wanda ya rasu a Kano a shekarar 1912. Idan ka tambayi mutanen da ke cin kasuwar Dogo ko Mirriya ko Matamaye, da wuya ka sami wanda ya taɓa jin sunansa, alhali ɗan ƙasarsu ne, kuma da Hausar bakinsa aka rubuta wasu daga cikin littattafan farko na boko a wannan harshe, ciki har da sassan Littafi Mai Tsarki na Kirista.

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a wani ƙauye mai suna Dambanas, kusa da Kance, yamma da Zinder. Mahaifinsa manomi ne kuma makaɗi, shi ya sa tun yana ƙarami ya saba da ganga da fartanya. Zamanin ba na kwanciyar hankali ba ne. Damagaram tana biyayya ga Barno, kuma hari don kama bayi ya zama hanyar samun kuɗi ga masu mulki. Wani Bature ɗan Ingila mai suna James Richardson, wanda ya zauna a Zinder a farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda ya ga sarki ya fita hari ya dawo da ɗimbin mutane, domin ya biya bashin da fatake ke binsa. Wato attajiri ya ba da haja bashi a birni, talakan ƙauye ne zai biya da 'ya'yansa. Wannan ɓangare ne na tarihin kasuwancinmu da ba mu cika son tunawa ba, amma haka ya faru.

Masifar ta fara ne da mahaifiyarsa, wadda aka kama aka tafi da ita. Bayan wani lokaci mahara suka auka wa garin, suka kwashe shi da mahaifinsa zuwa Zinder, inda aka raba su. Yaron bai wuce shekara 11 ko 12 ba. Daga hannun wannan zuwa hannun wancan, har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Barno a wancan lokaci.

A Kukawa ne Allah ya haɗa shi da wani Bajamushe, Adolf Overweg, wanda mutane ke kira Tabib saboda yana ba da magani. Dorugu da kansa ya ba da labarin irin tsoron da ya kama shi ranar da ya fara ganin farar fatar mutumin, domin ya ɗauka cinye shi zai yi. Sai ga shi wannan da ya tsorata da shi ne ya biya kuɗi ya fanshe shi, ya 'yanta shi, tare da wani saurayi ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega. Mai karatu ya riƙe wannan kalma ta fansa, za mu dawo kanta. Ba a daɗe ba kuma, a watan Satumba na 1852, zazzaɓi ya kashe Tabib a gaɓar tafkin Chadi, yana da shekara 30 kacal. Karo na uku ke nan da yaron ya rasa wanda ya dogara da shi.

Abokin tafiyar marigayin, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, shi ya ɗauki yaran biyu aiki. A ƙarshen 1852 suka biyo ta Zinder, garin da aka raba shi da uba, amma wannan karo yana ɗa ne ba bawa ba. Daga nan sai Katsina, Wurno, Sakkwato, Gwandu, suka ƙetare Kwara a Sayi, suka shiga Tambutu a watan Satumba na 1853. A can ran Abdulkarim ya shiga haɗari ƙwarai don an gane Kirista ne, kuma babban malamin nan Shehu Ahmad al-Bakkay ne ya tsaya tsayin daka ya ba shi kariya na tsawon watanni. Ya kamata masu tunzura jama'a da sunan addini a yau su san da wannan. Bayan sun dawo ta Kano a 1854, suka koma Kukawa, sannan suka keta Sahara ta Bilma da Murzuk har Tarabulus, wato hanyar da ake kora bayi a ƙafa, wadda ƙasusuwan waɗanda suka gaza ke zube a bakin rijiyoyinta. A watan Satumba na 1855 suka sauka Landan. Abdulkarim ya kai su har gidansu a Hamburg ta ƙasar Jamus.

Shirin da aka yi shi ne a mayar da su gida. Amma a farkon 1856, suna dab da shiga jirgi, sai wani fasto mai suna James Frederick Schön ya shawo kansu suka zauna wurinsa a Chatham, abin da ya ɓata wa Abdulkarim rai matuƙa. Shi wannan Schön ba baƙon wahala ba ne. Ya yi aikin mishan a Saliyo inda ya binne mata biyu, ya kuma bi ayarin jiragen da Ingila ta turo kogin Kwara a 1841, tafiyar da zazzaɓi ya kashe Turawa kimanin 40 a cikinta. Ciwo ya kore shi daga Afirka, amma bai bar abin da ya sa a gaba ba, wato ya ga an karanta Linjila da Hausa. Hausar da ya tsinta wurin 'yantattun bayi a Saliyo ba ta ishe shi ba. Yana bukatar ɗan asali da zai zauna da shi safe da yamma, sai ga Dorugu.

A shekarar 1857 aka yi wa yaran biyu baftisma. Dorugu ya zama James Henry Dorugu. James sunan Schön ne, Henry kuwa shi ne Heinrich a bakin mutanen Ingila.

A nan ne ya dace mu ɗan tsaya, domin wani zai ce ai yaro ne maraya a hannun Turawa, ina yake da zaɓi? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba za mu share ta ba. Wanda ke ba ka tuwo yana da ƙarfi a kan abin da kake ji. Amma a ganina ba ta ƙare a nan ba, idan aka dubi abin da Kirista ke nufi da bangaskiya. Kalmar kanta ta nuna ma'anarta, ba da gaskiya ke nan. Duk 'yar kasuwar da ta taɓa ɗora wa direba buhunan wake ko barkono daga Damagaram zuwa Kano ba tare da takarda ba, ta san abin da ake nufi. Ba ta ga isar kayan ba, amma ta san wanda ta ba. A koyarwar Kirista, bangaskiya ba alkawari ba ne cewa ba za a yi asara ba. Dogara ce ga Allah a cikin asarar, bisa imaninsu cewa Yesu Almasihu da kansa ya sha wuya, an ci amanarsa a kan kuɗi, ya kuma ba da ransa fansa domin mutane. Musulmi ba su yarda da batun gicciyewar Annabi Isa (AS) ba, wannan sananne ne, kuma ba muhawara muka zo yi ba. Abin lura shi ne, ga wanda aka haifa cikin gata, fansa kalmar littafi ce. Ga yaron da aka duba haƙoransa aka taya shi kamar akuya, sannan wani ya ƙirga kuɗi ya ce tafi kai ɗa ne, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sai kuma aikin da suka yi. A 1857 aka buga Linjilar Matiyu da Hausa, a 1858 aka buga Luka da Littafin Farawa, a 1859 kuma Littafin Fitowa. Mai karatu ya yi tunani a kan abin da ke cikin waɗannan littattafai. A Farawa ne labarin Yusufu yake, wanda 'yan'uwansa suka sayar wa ayarin fatake a kan azurfa 20, aka raba shi da tsohonsa, aka kai shi ƙasar da bai san harshenta ba. Fitowa kuwa labarin bayi ne da Allah ya fitar daga Masar. Schön zai karanta aya, ya tambayi yadda Bahaushe zai faɗe ta, shi kuma saurayin da aka raba da ubansa a Zinder ya nemo kalmar. Ban san wani darasi na addini da ya kai wannan shiga jiki ba. Kirista na cewa wahala ce ke ƙarfafa bangaskiya, kamar yadda fata ba ta zama jaka ko takalmi sai ta kwana cikin toka da bagaruwa a majema, an kankare ta an buga. Amma majema ma sun san ba kowace fata ke fitowa ba, wata ruɓewa take yi.

Shi ya sa labarin Abbega ke da muhimmanci. Shi bai daɗe ba, a 1857 ɗin ya koma Afirka, inda ya haɗu da Samuel Ajayi Crowther, wani Bayarabe wanda shi ma an sayar da shi yana yaro, har an taɓa musanya shi da doki, daga baya ya zama bishop a 1864. Abbega ya koma Musulunci, ya kuma zama Maigarin Lakwaja a 1896. Wahala ɗaya suka sha da Dorugu, ruwa ɗaya aka zuba musu, amma kowa da hanyar da zuciyarsa ta bi. Dorugu ya zauna da Schön har shekara 8, cikin sanyin Ingila, babu mai yi masa Hausa sai wani tsoho Bajamushe da ke koyo daga gare shi.

A cikin waɗannan shekaru ya ba Schön tarihin rayuwarsa da tatsuniyoyi da labarai, waɗanda aka tattara a littafin Magana Hausa da ya fito a 1885. Yana da ido da ban dariya. Yadda ya kwatanta liyafar cin abincin dare ta manyan Ingila, da zaman maza da mata a tebur da yawan cokula da wuƙaƙe, har yau masana na karantawa suna murmushi, domin wannan karo Bahaushe ne ke kallon Bature yana mamakin al'adarsa. Rubutun yana da wuyar karatu ga ɗan yau, saboda kunnen Schön bai raba ƙ da k ko ɗ da d ba, sai ka ga ƙasa da kasa sun zama abu guda. Duk da haka a kan wannan tushe ya gina nahawun Hausa na 1862 da ƙamus na 1876. Schön ya sami lambar yabo ta Volney daga Faransa a 1877, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Dorugu bai sami ko ɗaya ba. Mai haja daban, mai cin riba daban, kamar yadda aka saba.

Ya dawo Afirka a 1864, ya shiga aikin tafinta, yana tsakanin Turawa da mutanen ƙasa shekara da shekaru. A lokacin tsufansa ne ya sake bayyana sosai a tarihi, a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Makarantar ba ta wa'azi ba ce, domin Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba. Malamai da 'ya'yan sarakuna aka tara ana koya musu boko, kuma cikin masu koyarwar akwai wannan dattijo da ya fara riƙe alƙalamin boko tun kafin a haifi mafi yawan ɗaliban. Shi ma Ɗan Hausa ya keta Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, a kan hanyar da Dorugu ya bi yana saurayi, ke nan ba za su rasa abin hira ba.

Bai ga ƙarshen aikin da ya fara ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa sai a 1932 ya fito, da hannun Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa. 'Yan mishan na SIM kuwa sun isa Zinder a 1924, shekara 12 bayan rasuwarsa. Kiristocin Damagaram ba su da yawa har yanzu, kuma sun ga nasu rabon na wahala, musamman a watan Janairu na 2015 da aka ƙona majami'u a Zinder sakamakon zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, abin da babu hannunsu a ciki. Masu cewa addininsu baƙo ne ga ƙasar ba su san cewa ɗan Dambanas ne ya taya fassara Linjila da Hausa tun kafin sojan Faransa su kama Zinder a 1899 ba.

Dorugu ya rasu a Nasarawa a 1912 yana da shekara 70 da 'yan kai. An fassara tarihinsa zuwa Ingilishi a 1971, aikin Anthony Kirk-Greene da Paul Newman. Gidan Ɗan Hausa, inda aka fara makarantar, yana nan a Kano an mayar da shi wurin adana kayan tarihi. Duk motar kaya da ta tashi daga Kano ta bi Daura da Kongolam da Ɗan Barto da Matamaye za ta Zinder, sai ta ratsa ta Kance, ƙasar da aka ɗauke shi yana yaro.