Marigayi Jacques Henri Lartigue: Yaron Da Ya Koyi Ɗaukar Hoto A Bakin Hanyar Tseren Motoci

Duk wanda ya taɓa ɗaga wayarsa a ƙofar fadar Lamiɗon Garwa ranar hawan Sallah domin ya ɗauki hoton mahaya a lokacin da suka sako dawaki da sukuwa, ya san irin takaicin da kan biyo baya. Sai ka duba hoton ka tarar doki ya riga ya wuce, wutsiya kawai ka samu da ƙura. To mutumin da za mu kawo tarihinsa a wannan fili namu na yau, irin wannan takaici ya fara sha tun yana ɗan ƙaramin yaro, sai dai shi motocin tsere yake bi, kuma a zamanin da kyamara akwati ce ta katako, fim kuwa fallen gilashi ne mai saurin fashewa. Wani hoto da ya ɗauka yana saurayi, ya ga kamar ya lalace ya jefa shi a ajiya, shi ne a yau ake lissafawa cikin hotunan da suka fi shahara a duniya.

Shi dai Jacques Henri Lartigue Bafaranshe ne, ana kuma furta sunan nasa Lartig. An haife shi ne a ranar 13 ga watan Yuni na shekarar 1894 a garin Courbevoie da ke gefen birnin Paris. Mahaifinsa, Henri Lartigue, hamshaƙin attajiri ne wanda yake ɗaukar hoto don sha'awa kawai, don haka yaron ya buɗe ido ya tarar da kyamara da magungunan wanke hoto a cikin gidansu. Bai yi zaman aji kamar sauran yara ba, malamai ake ɗauko masa su koyar da shi a gida, wannan kuwa ya ba shi lokaci mai yawa na wasa da kallon abin da ke faruwa a kewayensa.

Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari daga baya, kafin ya mallaki kyamara ya ƙirƙiro wata dabara ta yarinta. Idan ya ga abin da ya burge shi, sai ya ƙifta ido sau uku yana juyawa, wai ya kulle abin a cikin kansa ke nan. Da ya fahimci cewa bayan 'yan kwanaki abin kan dushe ya ɓace, sai ransa ya ɓaci ƙwarai har ta kai shi ga kwanciya. Yana ɗan shekara bakwai mahaifin nasa ya ba shi kyamara tasa ta kansa, wata babbar akwati mai tsayawa a kan ƙafa uku, wadda sai ya taka kujera kafin ya iya leƙawa. Ba ta da abin dannawa. Marfin idonta ake cirewa da hannu, a ƙirga, sannan a mayar, saboda haka duk abin da ya motsa a tsakani ya lalace. A shekarar 1904 ne ya sami ƙaramar kyamara ta riƙewa a hannu, ƙirar kamfanin Gaumont, wadda ke iya kama abu cikin ƙiftawar ido. Daga nan fa gida ya rasa sukuni, domin kuwa kowa sai an sa shi tsalle. Akwai hoton kyanwarsu ta yi sama tana bin ƙwallo, akwai kuma na wata 'yar uwarsa da ake yi wa laƙabi da Bichonnade, wadda ya kama a 1905 ta diro daga matakalar bene, ƙafafunta ba su taɓa ƙasa ba.

To amma ainihin makarantar da ya koyi aikin ita ce gidan gonar mahaifinsa da ke Rouzat, a yankin Auvergne mai tsaunuka, inda iyalin kan je hutu. Yayansa Maurice, wanda aka fi sani da Zissou, mutum ne mai ƙiriniyar ƙere-ƙere. Shi da 'yan uwansu da abokai sukan harhaɗa ƙananan motoci marasa inji da katako da tayoyi, kusan irin motar kara da yaranmu ke yi, sai dai waɗannan manya ne, mutum biyu na iya hawa. Sai su haye saman gangare su sako su da gudu, a yi tsere, a zo kwana a kife, a tashi a kakkaɓe jiki a sake komawa. Ba kyauta ake ci ba, ba kuma alƙali. Har jirage marasa inji Zissou ya riƙa ƙerawa, akasarinsu kuwa ba sa daɗewa a sama. Shi Jacques, da yake shi ne ƙarami kuma ba a cika barinsa ya hau ba, sai aikinsa ya zama tsayawa a gefe da kyamara. A nan ya gane cewa miƙaƙƙiyar hanya ba ta ba da hoto, a kwana ake tsayawa, inda dole mai tuƙi ya rage gudu, inda kuma tayar baya kan zame ta tayar da ƙura. A nan kuma ya koyi danna kyamara kafin abu ya faru, domin wanda ya jira sai idonsa ya ga mota ta kife, to ya makara. Hotunan da ya ɗauka a Rouzat tsakanin 1908 da 1911, na samari suna gangarawa ƙasa daga waɗannan motocin katako, har yanzu suna sa mutum dariya.

Wani abu kuma da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi game da wannan yaro shi ne riƙon littafi. Ya saba rubuta abin da ya faru a kowace rana, har da yanayin gari, ko an yi ruwa ko an yi rana, sannan ya zana hotunan da ya ɗauka a ranar daga abin da ya tuna, saboda tsoron kada gilashin ya lalace wajen wanki. Waɗanda suka fito sai ya liƙa su a manyan kundaye ya rubuta wuri da kwanan wata a ƙasa. Waɗanda ba su yi kyau ba ma bai zubar da su ba.

Tseren manya na farko da ya halarta da kyamara shi ne gasar kofin Gordon Bennett ta watan Yuli na 1905, wadda aka yi a kan hanyoyin Auvergne kusa da Clermont-Ferrand, yana da shekara 11. Wani direba Bafaranshe mai suna Léon Théry ne ya ci gasar. A wancan zamani a kan hanyoyin gari na tsakuwa ake tsere, mutum biyu ne a mota, direba da makanikensa, ga tayoyin safaya ɗaure a baya, 'yan kallo kuwa a bakin hanya suke tsaye ba wani shinge na kirki.

Sai mu zo ga hoton da ya lalace. A cikinsa ana ganin wata motar tsere mai lamba 6 ta nufi dama, gabanta ya riga ya fice daga hoton. Direba da makanike sun fito tar, amma tayar baya ta zama kamar ƙwai ta karkata gaba, su kuwa 'yan kallo da sandunan bakin hanya sun jirkice baya kamar iska za ta kwashe su. Dalilin haka yana cikin yadda kyamarar ke aiki. A gaban gilashin akwai wani labule mai siririyar tsaga da ke wucewa da sauri, don haka ba a lokaci guda ake kama hoton duka ba, ƙasan abin ake fara kamawa sannan a hau zuwa samansa. Kafin tsagar ta kai ga saman tayar, motar ta riga ta ƙara gaba, shi ya sa tayar ta miƙe ta karkata. Shi kuma Lartigue yana juya kyamarar yana bin motar, wanda shi ne daidai, to amma juyin nasa bai kai gudun motar ba. Wannan juyi shi ya jirkitar da mutanen da ke tsaye zuwa ɗaya ɓangaren. Mai karatu zai iya gwada wannan da kansa, domin yawancin wayoyin da ake sayarwa a kasuwanninmu layi-layi suke kama hoto su ma. In kana cikin mota a hanyar Garwa zuwa Marwa, ɗauki hoton falwayoyin lantarki ta taga lokacin da direba ya taka, sau da yawa za ka ga sun karkace alhali a miƙe suke.

A ma'aunin masu hoto na wancan lokaci wannan aiki ɓatacce ne, shi ma haka ya ɗauke shi, ya ajiye shi har kusan shekara arba'in bai waiwaye shi ba.

Da ya girma ma bai ɗauki kansa mai sana'ar hoto ba. Ya sayar da wasu hotuna ga mujallar wasanni ta La Vie au Grand Air kafin Yaƙin Duniya na Farko, a lokacin yaƙin kuma ya yi aikin tuƙa jami'an soja da motarsa a Paris, amma zane da fenti ya karanta, da shi kuma ya riƙa neman abinci. Dukiyar gidansu ta yi ta zaizayewa, har ya zamana a shekarun 1930 da na 1940 ɗan attajiri yana lallaɓa rayuwa da kuɗin zane. Ya yi aure sau uku, matarsa ta ƙarshe, Florette, ita ce ta zauna da shi daga 1945 har ƙarshen rayuwarsa. Duk tsawon wannan lokaci bai daina ɗaukar hoto da liƙawa a kundi ba.

A shekarar 1962 shi da Florette suka shiga jirgin ruwa na ɗaukar kaya zuwa Amurka. A birnin New York ya nuna wasu tsofaffin hotunansa ga Charles Rado, wani dillalin hotuna, shi kuma ya kai shi wurin John Szarkowski, shugaban sashen hotuna na gidan baje kolin fasahar zamani na birnin, wanda ake kira MoMA. A 1963 aka baje hotunan yarintarsa a can, yana da shekara 69. Mujallar Life kuma ta ba shi shafuka da dama a fitowarta ta ƙarshen watan Nuwamba na wannan shekara, wadda ta zo daidai da labarin kisan Shugaba John Kennedy, don haka ta shiga hannun jama'a fiye da kima. Haka tsoho ya kwana ba a san shi ba ya wayi gari sunansa ya zagaya duniya. A wannan lokaci ne ya ƙara sunan mahaifinsa, Henri, a cikin nasa.

A nan akwai wani gyara da ya dace a yi. Amurkawa sun tallata shi a matsayin yaro marar ilimin aikin, wanda baiwa kawai ta faɗo masa daga sama, kuma labarin ya yi kasuwa. Amma wani masanin tarihin hoto mai suna Kevin Moore, a littafin da ya wallafa a 2004, ya nuna cewa yaron ya san abin da yake yi, yana bin mujallun hoto da na wasanni na zamaninsa yana kwaikwayon abin da ya gani a ciki. A ganina wannan bai rage masa komai ba, illa ma dai ya fi kusa da abin da hankali zai ɗauka. Kada kuma a manta da aljihun mahaifinsa. Kowane fallen gilashi kuɗi ne, kuma yaron da zai ɓata goma kafin ya sami ɗaya mai kyau, sai wanda ba a tambayarsa lissafi.

A 1974, yana da shekara 80, sabon shugaban Faransa Valéry Giscard d'Estaing ya zaɓe shi ya ɗauki hotonsa na hukuma, wanda ake ratayewa a ofisoshin magadan gari. Ya ɗauke shi cikin kwat ta yau da kullum, tutar Faransa na kaɗawa a bayansa, saɓanin shugabannin baya da aka ɗauka cikin kayan alfarma da lambobin girma. Dattawanmu za su tuna wannan Giscard ɗin, shi ne ya kawo ziyara Kamaru a 1979 a zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa. A wannan shekara ta 1979 ne Lartigue ya ba gwamnatin Faransa kyautar aikinsa baki ɗaya, dodon hoto fiye da 100,000 da manyan kundaye sama da 100. Ya ci gaba da ɗaukar hoto har ya rasu a birnin Nice ranar 12 ga watan Satumba na 1986, yana da shekara 92, aka binne shi a ƙauyen Opio da ke kudancin Faransa, inda ya yi zaman tsufansa.

Duk da riƙon littafin nasa, a kan hoton da ya fi ɗaukaka shi ne lissafi ya kuɓuce masa. Shi ya rubuta cewa a gasar Dieppe ta 1912 ya ɗauke shi, kuma motar ƙirar Delage ce, haka aka yi ta bugawa shekara da shekaru. Daga baya masu bin diddigin tarihin tseren motoci suka duba lambar da siffar motar, suka gano ƙirar Théophile Schneider ce, René Croquet ke tuƙa ta, a gasar da aka yi kusa da Amiens a watan Yuli na 1913, lokacin Lartigue na da shekara 19. Har yanzu akwai littattafan da ke ɗauke da 1912 a ƙarƙashin hoton.