Dobson, Mutumin da Ya Auna Rigar Duniya

Wanda ya hau Dala a lokacin hunturu zai ga hazo ya lulluɓe birnin Kano. Wannan ƙura ce da iska ke kwasowa daga Bodele ta ƙasar Cadi, ido kuwa yana ganinta. Amma akwai wata iska can sama wadda ido ba ya gani, ana ce da ita ozon. Ita ke tare mugun hasken rana mai lahanta fata da idanu. Yau za mu ba masu karatu labarin mutumin da ya ƙarar da ransa wajen auna ta.

An haifi Gordon Dobson a Windermere ta ƙasar Ingila cikin 1889. Ya yi karatu a Cambridge, a 1920 ya zama malamin ilmin yanayi a Jami'ar Oxford. Shi da Lindemann suka yi nazarin taurari masu faɗuwa, suka gane can ƙololuwar sama ta fi ɗumi bisa ga yadda ake zato. Dalili kuwa ozon ce ke shan hasken rana.

A 1924 ya ƙera na'urarsa ta fari a wani ɗan ɗaki cikin gidansa. Daga baya ya aika da irinta har Masar da Indiya. Awon ya nuna da za a tattaro ozon duka a ƙasa, kaurinta bai wuce kamar milimita 3 ba, watau ma'aunin Dobson 300.

Ya rasu cikin Maris 1976. A 1985 masana uku na Ingila suka bayyana cewa ozon ta ragu ƙwarai a saman Antatika. Da na'urar Dobson suka gano haka, daga rajistar da aka yi ta cikawa shekara da shekaru. Sa'an nan tauraron ɗan'adam na Amurka, Nimbus-7, ya tabbatar. A 1987 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Montreal don daina sarrafa iskar firji mai cinye ozon.

Tun 2017 tauraron Sentinel-5P yake auna hayaƙin da ke saman birane, har da Kano, kuma har yanzu akan gwada awon ozon na taurari da na'urorin Dobson. To, akawu da malamin makaranta, kada wani ya raina cika rajista kullum. Da haka Dobson ya amfani duniya.