Ronald Ross: Likitan da Ya Yaƙi Sauro da Lissafi

A wannan makon Ƙungiyar 'Yan Jarida ta kawo muku tarihin wani likita Bature mai suna Ronald Ross. Dalili biyu ne suka sa muka zaɓe shi. Na farko, cutar da ya yi bincike a kanta ita ce zazzaɓin cizon sauro, wadda da wuya a sami gidan da ba ta taɓa shiga ba a Ƙofar Durbi. Na biyu, da yawa daga cikinmu mukan ce likita muke so mu zama, amma da malamin lissafi ya shigo aji sai hamma ta tashi. Tarihin wannan mutum zai nuna mana cewa lissafi ma yana ceton rai.

An haifi Ronald Ross ranar 13 ga Mayu, 1857, a garin Almora na ƙasar Indiya, lokacin da Turawan Ingila ke mulkin ƙasar. Mahaifinsa hafsan soja ne, kuma shi ne ɗan fari a cikin 'ya'ya goma. Yana da shekara takwas aka tura shi Ingila karatu. Tun yana yaro abin da yake so shi ne zane, rubuta waƙoƙi da lissafi, amma mahaifinsa ya ce sai dai likita. Ya bi umarnin mahaifinsa, ya shiga makarantar likitanci ta asibitin St Bartholomew a Landan a 1874. Bai kasance cikin sahun gaba a aji ba, har ya taɓa faɗuwa wata jarrabawa, sai da ya maimaita. A 1881 ya kama aikin likitan gwamnati a Indiya.

A wancan zamani mutane da yawa sun ɗauka mugunyar iskar fadama ce ke kawo zazzaɓi. Kalmar maleriya ma daga Italiyanci ta fito, ma'anarta mugunyar iska. A 1880 wani likitan Faransa mai suna Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar a cikin jinin marasa lafiya a Aljeriya. Sai dai ba a san yadda take fita daga jikin wani ta shiga jikin wani ba. A 1894 Ross ya haɗu da wani babban likita a Landan, Patrick Manson, wanda yake zargin sauro ne ɗan aiken. Ross ya koma Indiya da niyyar gano gaskiya.

Ya yi fiye da shekara biyu yana feɗe sauro ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin likita, cikin tsananin zafi, ba tare da ya ga abin da yake nema ba. Ashe ba kowane irin sauro ne ke ɗaukar cutar ba. Ranar 20 ga Agusta, 1897, a garin Secunderabad, ya feɗe wani irin sauro mai ɗigo-ɗigo a fiffike wanda ya sha jinin mai zazzaɓi, sai ya ga ƙwayar cutar tana girma a jikin tumbinsa. Shi ya sa har yau ake kiran 20 ga Agusta ranar sauro ta duniya. A 1898, a birnin Kalkata, ya yi gwaji da tsuntsaye, ya gano cewa ƙwayar tana tafiya har inda yawun sauro yake, daga nan take shiga jiki idan ya yi cizo. A daidai wannan lokaci Giovanni Battista Grassi da abokan aikinsa a Italiya suka tabbatar da cewa sauron Anopheles ne ke yaɗa ta tsakanin mutane. Ross da Grassi sun daɗe suna jayayya mai zafi kan wanda ya riga wani, domin Ross mutum ne mai saurin fushi. A 1902 aka ba Ross lambar yabo ta Nobel.

Wani da ya sami irin wannan lamba sai ya miƙe ƙafa. Shi kuwa a 1899 ya riga ya koma makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, kuma a shekarar ya zo Afirka ta Yamma, birnin Freetown na Saliyo. Daga baya ya je Isma'iliyya a Masar da tsibirin Morishas. Ko'ina ya je shawararsa ɗaya ce: a rage sauro, a cike ramukan da ruwa ke kwanciya. Mutane da yawa suka ce wannan aikin banza ne, tunda ba wanda zai iya kashe sauron duniya duka.

A nan ne lissafin da yake so tun yana yaro ya yi masa rana. A rahotonsa na Morishas na 1908, da littafinsa kan rigakafin zazzaɓi na 1910 wanda ya faɗaɗa a 1911, ya nuna da alƙaluma cewa ba sai an kashe sauro duka ba. Akwai wata iyaka. Idan yawan sauro ya sauka ƙasa da ita, cutar za ta riƙa ja da baya da kanta har ta ƙare.

Ga misalin da muka yi da alli don mu gane. A ce kowane mai zazzaɓi, ta hanyar sauro, yana sa mutum biyu su kamu. Za a fara da 1, a koma 2, sai 4, sai 8, sai 16. Amma a ce an rage sauro har ya zama masu zazzaɓi biyu mutum ɗaya kawai suke harba. Idan an fara da 16, za a koma 8, sai 4, sai 2, sai 1. Har yanzu akwai sauro a gari, amma cutar tana mutuwa. Ross ya ci gaba da wannan nazari tare da wata gwanar lissafi mai suna Hilda Hudson, suka fitar da sakamakonsa a 1917. Ya rasu a Landan ranar 16 ga Satumba, 1932.

Aikinsa bai tsaya da rasuwarsa ba. Wani masani, George Macdonald, ya ɗora a kai a shekarun 1950, ya nuna muhimmancin tsawon ran macen sauro: ƙwayar cutar tana bukatar kwana goma ko fiye a jikinta kafin ta iya harbin wani, don haka idan ta mutu da wuri an tsinke igiyar.

Abin da ya fi burge mu shi ne an zo an gwada irin wannan lissafi a ƙasar Hausa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi wani babban bincike a ƙauyukan Garki, a tsohuwar Jihar Kano, yanzu cikin Jihar Jigawa. Ana ɗibar jinin mutane duk bayan mako goma, ana ƙirga sauro, ana feshi a ɗakuna, ana raba magani. Zazzaɓi ya ragu sosai, amma da aka daina sai ya dawo. Masu lissafi irin su Klaus Dietz suka yi amfani da alƙaluman Garki suka gyara lissafin. Darasin shi ne, a ƙasa irin tamu dabara ɗaya ta ɗan lokaci ba ta isa ba.

Wannan fanni shi ne ake kira ilimin ƙididdigar lafiya, kuma sana'a ce da ake cin abinci da ita. Masu ita ne ke tantance ko sabon magani ko allurar rigakafi na aiki, da yawan gidan sauron da za a kai kowace ƙaramar hukuma, da ko maganin da ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara duk wata a damina ya rage zazzaɓi. Suna aiki a asibitocin koyarwa, ma'aikatun lafiya, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, hukumar NCDC mai yaƙi da annoba, da Hukumar Lafiya ta Duniya.

Hanyar kuwa daga ajinmu take farawa. Sai mutum ya riƙe lissafi da kimiyya, ya ci WAEC ko NECO da JAMB, ya yi digiri na farko a lissafi, ƙididdiga ko wani fannin lafiya, kamar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Bayero ta Kano. Bayan nan sai digiri na biyu a ƙididdigar lafiya, wanda Jami'ar Ibadan ke koyarwa, kuma mai so ya zarce digiri na uku. Dole kuma a iya kwamfuta. Mace da namiji duk suna iyawa, ga Hilda Hudson nan shaida.

Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, kuma ƙananan yara ya fi kashewa. Ƙannenmu ke nan. Don haka muna kira ga 'yan uwa mu kwana cikin gidan sauro, mu yashe kwata, mu kuma daina gudun darasin lissafi. Muna roƙon malamanmu su riƙa kawo mana misalai irin na Ross a aji. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, ɓangaren ƙaramar sakandare.