Abdu Mumuni, malamin hasken rana

An haifi Abdu Mumuni a Tasawa a shekarar 1929. Ya yi karatun kimiyya a Faransa. Ya lura ƙasarmu tana da rana da yawa, amma itacen girki yana ƙaranci. Sai ya duƙufa ga binciken haske.

Ya yi aiki da madubi mai siffar ƙwarya. Hasken da ya faɗa ciki yakan taru wuri guda, ya yi zafi har ya tafasa ruwa. A 1969 ya zama shugaban ma'aikatar makamashin rana ta Yamai, inda aka ƙera murhun rana.

Ya kuma nemi a koyar da yara da harshensu, kamar yadda kuke karatu yau. Ya rasu a 1991. Jami'ar Yamai tana ɗauke da sunansa.